Zumar Ruwan Bago Mai Ɗaci

"Goge wannan layin," in ji Kawu.

'Yar ƙanwarsa ta ɗago kai daga wayarta. Kwana uku ta yi tana tsara tallar zumarsa ta ƙauyen Ruwan Bago don shafin intanet ɗin da ta buɗe masa, kuma ta san ta iya. Ta sake karanta masa: "Zumar Ruwan Bago, zaƙin da babu irinsa a duk Arewa."

"Kin zaga Arewar kin lasa?" Ya yi murmushi. "Ta bana da ɗan ɗaci, furen darbejiya ƙudan suka sha. Mai saye a kasuwa yakan ɗanɗana, na cikin waya kuwa harshenki ne nasa. Faɗi aibinta."

"Haba Kawu, ba a talla da aibi! Haka za ta zauna a jarka har damina."

"Ta zauna. Rubuta."

Ta rubuta ranta a ɓace: "Zumarmu tana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Mun faɗa tun kafin ku saya."

Mako guda shiru, jarkoki suna jere a zaure.

Ran Talata wata dattijuwa ta kira daga Kaduna.

"'Yata, ke ce mai zumar nan mai ɗaci? Shekara biyar ina sayen mai zaƙi zalla, ashe sukari ake dafa mini. Wanda ya faɗi aibin kayansa ba zai cuce ni ba. Jarka nawa ta rage? Mu talatin ne a Islamiyyarmu."