Farantin Yadi Dubu

Madubin bindiga na uku ke nan Orval Tollefson ya kara a idonsa. Ya saita shi ta tagar shagon Duane mai sayar da bindigogi zuwa tankin ruwan gari, ya sauke yana tsaki.

"Wannan ma layukan saitinsa sun yi siriri. Ina kallonsu suna ɓacewa."

Duane Krebs ya shekara talatin yana sayar masa da harsashi, ya san taurin kansa sarai. Ya ce, "Tsoho, a yadi dubu siririn ake nema. Mai kauri rufe maka farantin ƙarfen da kake son harbi zai yi ɗungurungum. Ga mai ɗige-ɗige nan kamar bishiyar Kirsimeti, da shi ake cin gasa yanzu."

"Ni ba ado na zo saye ba. Ba ni mai kaurin."

Saura mako biyu gasar ƙungiyarsu ta harbin nesa, kuma bana an sa kofi da sunan Marlys, matar Orval, wadda aka binne a watan Fabrairu. Ya rantse kofin nan ba zai kwana a gidan wani ba.

Shekara arba'in da ɗaya shi ke kwanciya bayan bindiga, ita tana zaune gefensa a kujerarta ta naɗewa, ido a na'urar hangen nesa. A wannan nisa mai harbi bai cika ganin inda harsashinsa ya faɗa ba. Bindiga ta zabura, kawalwalniya tana rawa, kunnuwan Orval kuwa tuni ƙarar harbi ta cinye su, ba ya jin kukan ƙarfe. Sai abin da mai duba ya faɗa. Marlys takan zunguri ƙafarsa da takalminta ta ɗaga murya: "Ya samu, tsohona."

Shekara ukun ƙarshe ba su je gasa ko ɗaya ba. Yau bayanta ke ciwo, gobe hanyar ta yi nisa, jibi saniya za ta haihu. Orval ya yi mita har ya gaji, ya taɓa yin kwana biyu bai ce mata uffan ba, abin da yanzu yake ci masa rai in ya tuna. Ta lallashe shi da sabon farantin ƙarfe, ta sa aka kafa shi a ƙarshen makiyayarsu, yadi dubu cif daga rumfar shanu.

Kowace Lahadi bayan coci, harsashi goma. Yau ya samu takwas, wani makon tara, goma kuwa sai jefi-jefi, har yakan tsokane ta da cewa rowar lamba take masa. In sun gama ta hau babur mai ƙafa huɗu ta tafi shafe tabon harsashi da farin fenti, shi kuma ya zauna tsintar kwanson harsashi saboda ciwon gwiwarsa. Duk bayan 'yan makonni sai ta ce fenti ya ƙare, ya sayo mata wani gwangwanin.

Watan jiya ya fita gwaji a filin ƙungiya, Duane yana duba masa. Harbi goma, ko ɗaya bai taɓa ƙarfe ba. Da farko ya ɗora wa Duane laifi, wai shi da ma'aunin saiti da ake kira mil yake awon iska, Marlys kuwa da wani ma'aunin daban da ake kira minti, kuma ba a canja wa mutum lissafi da tsufansa. Da ya huce sai laifin ya koma kan tsohon madubinsa.

Duane ya sa mai kaurin a kwali, ya riƙe bai miƙa ba. "Orval, yaushe rabonka da zuwa wajen..." Ya dubi idanun tsohon, ya fasa ƙarasawa.

"Wajen wa?"

"Bar shi kawai. Ka gaida shanu."

Ran Lahadi Orval ya ɗaura sabon madubin, ya shimfiɗa tabarmarsa bayan rumfa. Sai da ya kwanta ya lura ya buɗe kujerar Marlys a inda ta saba zama. Bai iya tashi ya naɗe ta ba.

Layukan sun fito baƙi ƙirin, yadda yake so. Ya ja numfashi, ya harba, ya jira. Babu wanda ya zunguri ƙafarsa. Sau goma yana harbawa, sau goma yana jira, har kewarta ta sa ya kifa goshinsa a gindin bindigar ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta.

Tunda babu mai faɗa masa, dole ya je ya gani da idonsa. Ya lallaɓa gwiwar ya hau babur ɗin, karo na farko ke nan da zai isa wurin tun da aka kafa farantin.

Na yau goma duk sun wuce, babu tabo ko ɗaya. Ya ce a ransa sabon madubi ne, sai an gyara saiti. Ya kai hannu ya shafa farantin. Fentin ya tsufa, rana ta fasa shi, yana ɓarewa a yatsa. Ya kankare da farce yana neman tsofaffin tabban harsashi da ke ƙasa, takwas ɗin nan da tara-taran da suka yi shekara uku suna tarawa. Ƙarfen sumul yake kamar tiren shayi.

A gindin turken akwai akwatin katako da dutse a kansa. Ya ɗaga murfin. Gwangwanayen fentin da ya yi ta sayo mata suna jere a ciki, kowanne da hatiminsa. Marlys ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba, don bai taɓa barin tabon da za ta shafe ba.