Bakin Baban Umaima

Mai gyara na farko, a unguwar Tsinga, ko kujera bai nuna wa Adawiyya ba. Ya buɗe kwamfutar, ya karanta abin da ya fito a allo, ya rufe ya turo mata abarta. "C'est trop vieux, madame." Wai ta tsufa, sabon sistem ba ya hawa irinta.

Ta mayar da ita cikin zanin da ta naɗo ta, ta rungume, ta fito titi.

Wannan tsohuwar kwamfuta mai murfi ɗaure da salatif ita ce bakin Baban Umaima. Haka take kiran mijinta, don uwarta ta koya mata mace ba ta kama sunan miji, ita kuma ko a zuci kunyar sunan take ji. Tun da shanyewar jiki ta kwantar da shi bara magana ta ɗauke, ba abin da ke motsi sai idanu da yatsa ɗaya na hagu. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta sa masa manhaja: haruffa na wucewa a allo, yana danna maɓalli da yatsan nan har kalma ta haɗu, kwamfuta ta faɗe ta. Da wannan muryar ƙarfen yake neman ruwa, da ita yake tsokanar Adawiyya cewa miyarta ta yi gishiri.

Rannan manhajar ta sabunta kanta, ba wanda ya aike ta. Ta ce ba ta ƙara buɗewa sai a kan sabon sistem. Shi kuma sabon sistem ya dubi kwamfutar ya ce ba ajinsa ba ce.

A makon da bakin ya rufe kuma wani abu ya fara cin bawan Allah. Ya daina karɓar kunu, hawaye na bin gefen fuskarsa har cikin kunne. Ta tambayi kai, ta tambayi ciki, haƙori, baya, yana kawar da ido, alamar ba nan ba. Likita ya zo ya lallatsa ya ce sai mai jiki ya faɗi inda ke masa ciwo. Ya faɗa da me? Sayen sabuwa kuwa ba ta ma kawo shi a rai ba, jinya ta riga ta share ɗaki. Tsoro ya cika ta, kada mutumin nan ya tafi da magana a cikinsa tana zaune tana kallo.

A unguwar Elig-Edzoa ta sami Njidda, wani Bafillace mai haƙuri. Shi kam ya gwada. Layi ya fara tafiya a allo, zuciyar Adawiyya na binsa, sai ya tsaya cak, rubutun nan ya sake fitowa. Njidda ya ce akwai dabarar da ake zagaye binciken tsufan da sistem ke yi, amma in hannu ya kuskure komai na ciki ya tafi, har saitin maɓallin, shi ba zai ɗauki alhaki ba.

"Daga ina kike, Hajiya?"

"Briketeri."

"Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Kai wa Alim mana, bayan babban masallaci. Yana da kile, ɗan abin nan da ake sokawa a gefen kwamfuta, shi ya haɗa kayansa da kansa. Rufe wa sabon sistem ido yake yi, ba ya ganin tsufa. A jikin makullansa yake rataye shi, ko aro ba ya bayarwa."

Ta gyara hijabinta ta yi godiya.

Ta gangara tsakiyar gari, inda masu gyara suka yi layi a bakin titi. Ta bi su tana roƙo da guntun Faransancinta, har ta durƙusa wa wani da ta girme shi. Wannan ya ce zai goge komai tukuna, ta fizge abarta. Wancan ya girgiza kai. Na ƙarshe ma tatsuniyar gizo ba ta wuce ƙoƙi, shi ma Alim ya ambata. Ya ƙara da cewa ya ji shagon a rufe yake kwana biyu, wai mutumin ya koma Garwa.

Ruwa ya tsuge tana hawan tudun Briketeri. Ta cusa kwamfutar cikin hijabi, ita ta jiƙe sharkaf. Ta bi ta bayan masallaci, ta wuce shagon: ƙofa a ƙasa, kwaɗo ya yi tsatsa, hayaƙin masu tsire ya baƙanta allon sunan shagon. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ko kai ba ta ɗaga ba. Telan da ke gefe ya leƙo ya ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi.

A gida, maƙwabciyarta Mu'mina, wadda ta zauna da Baban Umaima tun safe, ta dubi fuskarta ta fita ba tambaya. Kofin kunu na nan yadda ta bar shi. Idanunsa suka bi ta daga ƙofa, suka sauka kan zanin, suka dawo kanta.

Ta ajiye kwamfutar a kan gado ta kunna. Ta ciro tarin makullan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa tun bara, kile iri-iri na lilo a jikinsu, duk kama ɗaya. Ta durƙusa ta ɗaga su daidai idonsa.

"Na zaga gari. Kowa ya ce mutum ɗaya ne ya iya."

Ta kama sunan da ba ta taɓa kamawa ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan.

"Alim, dube ni. Wanne zan sa?"