Keken Malam Maliki da Maɗacin Bakin Daji

"Malam, wai wannan tan da sin ɗin, tuwo ake tuƙawa da su?" in ji Huraira. Aji ya kwashe da dariya.

Malam Maliki, malamin lissafi, ya miƙe. Ya kwashi ɗaliban sai bakin daji, hanyar Kuyello, inda masu katako ke saran wani maɗaci. Ya ja da baya, ya ɗora ma'aunin kusurwa a ido, ya saita ƙololuwar bishiyar.

"Digiri arba'in da biyar! Tan ɗinsa ɗaya ne. Daga nan zuwa gindi ƙafa sittin, don haka tsayinsa ƙafa sittin, ba ƙari."

Don ya rufe bakin kowa, ya kafe sabon kekensa a ƙafa sittin da uku daga gindin, daidai ɓangaren da za a kayar da itacen. Ya koma gefe yana zuga masu gatari.

Maɗaci ya yi ƙara, ya faɗo rim! Rassan samansa suka lulluɓe wurin keken kaf. Malam ya dafe kai.

Sai ƙararrawa ta yi ƙirrin a bayansa. Huraira ce riƙe da keken, ko ƙwarzane babu.

"Na janye shi, Malam. Daga idonka ka auna, ba daga ƙasa ba. Ka manta ka haɗa da tsayinka, kai kuwa dogo ne, ƙafa shida cur!" Ta sake kaɗa ƙararrawa. "Ashe dai tan ɗin nan yana da amfani."