Ɗigon Ruwa

"Mama, ki roƙar mini 'yarki ta dawo a dasa mata su a mahaifa. 'Ya'yana ne, rai ne!"

Tsohon mijin 'yata ke nan durƙushe a falona, yanzu ciwo ya hana shi haihuwa. Ranar da ya sake ta, likita ta tambayi makomar 'yan tayinsu da ke daskare a asibiti. Ya ce, "Ɗigon ruwa ne, ba mutum ba. A zubar."

Na ce, "Yaushe ruwa ya zama rai? An zubar, yadda ka umarta."

Ya fita yana kuka, ya wuce jikata a bakin ƙofa, mai kunnuwa irin nasa. Bai jira sakamakon dashen ƙarshe da aka yi wa 'yata ba ya yi sakin.

Ban kira shi ba. Ruwa ai ba shi da uba.