Ranar da ke Kan Iƙama

Ana hutun rana a sito, wani Ba'indiye ya karɓi iƙamar wani Bakano da suke lodi tare, katinsa na zama, ya shigar da ranar haihuwar cikin waya. A garinsu, in ji shi, da taurari ake duba rabo.

"Zuhal da Mushtari sun haɗu a gidan dukiya da iyali," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mai wannan rana zai ci gaba da ciyar da 'ya'yansa, amma ba za su ƙara ganinsa ba."

"Allah kaɗai ya san gaibu," in ji Bakanon, ya mayar da katin aljihu.

Ranar ba tasa ba ce. Da takardun yayansa marigayi ya shigo Riyad, kuma marayun yake aika wa albashinsa duk wata.