Kwalba Mai Shuɗin Haske

Wata Alhamis bayan la'asar, ina 'yar shekara takwas, na kai wa Baba kunu shagonsa na gyaran rediyo a Zongon Lome. Na tarar ya buɗe cikin amfilin masallacinmu, akwatin da ke ƙara wa lasifika murya, ƙaurin dalma ya cika ɗakin. Gobe Juma'a, ga shi muryar liman sai rawa take yi.

Kwalaben lantarki biyar ne a jere a cikin akwatin. Huɗu sun yi ja kamar garwashi, sabuwar da ya sa kuwa haskenta shuɗi-shuɗi.

Na miƙa yatsa na ce, "Baba, wannan ba ta da lafiya."

Ya cafke hannuna. "Kul, uwata! Akwai wuta." Sannan ya ɗora ni a cinyarsa. "Ai ita ce mai lafiyar. Wutar Lome ba ta da alƙawari, yanzu ta hau, anjima ta sauka. In ta yi yawa, wannan ce ke shanye rarar, sauran kwalaben su sami daidai, murya ta fito garau. Ba a jin ta a lasifika, amma cire ta ki ji."

Ya ba ni makirfo na yi sallama, muryata ta kai har bakin titi. Ya yi ta dariya.

Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa da safiyar ranar ce aka kawo masa takardar rushe shagon. Har yau ina laluben fuskarsa ta wannan yammacin, ban sami komai a cikinta ba sai dariyar.