Maɗinkin da Ya Hana Kansa Numfashi

Tunda na ga ka dafe kai tun shigowarka, bari in ba ka misali da wani maɗinki da aka yi a garinmu, mai aikin hannu a babbar riga. In ya zauna wa aska takwas, sai ka rantse zaren tsirowa ya yi a jikin yadin. Sana'ar gado ce. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya hore shi cewa in allura za ta shiga wuri mai wuya, a ɗauke numfashi kada hannu ya yi rawa. Shi kuwa ya riƙe horon har ya zarce inda aka ce ya tsaya. Da girma ya fara kama shi, sai ciwon kai ya aure shi. Kullum kafin azahar zai taso masa daga ƙeya, ya ɗaure goshi kamar an matse rawani. Ya sha ƙwaya, ya yi hayaƙi, an yi masa ƙaho sau biyu, a asibiti kuma aka ce idonsa lafiya lau. Tsoro ya shige shi ƙwarai, don shi kaɗai ya rage mai riƙe allura a gidansu. Ya ƙudurta a ransa, in ƙaho na uku bai yi ba, zai mayar da rigar da ke hannunsa ga mai ita da rabin aiki, sana'ar ta mutu a hannunsa.

Ranar da wanzamin da zai yi masa ƙahon ya zo, ya tarar da shi yana ƙarasa bakin aljihu, sai ya zauna jira yana kallonsa: kafaɗu a ɗage, haƙora a cije, ƙirji ko motsi. Can sai wanzamin ya mayar da ƙahonninsa cikin zabira, ya ce, "Malam, jininka ba shi da laifi. Tun zamana ka cinye zare guda, ban ga ka yi numfashin kirki sau biyar ba. Kai kake shaƙe kanka." Ya sa shi ya ajiye allura, ya jingina da bango, ya saki kafaɗu, ya ja iska ta hanci sannu a hankali har ciki ya taso, sannan ya sake ta ta baki a hankali fiye da yadda ta shiga. Maɗinkin ya ji haushi, ga furfura a gemu a ce yau ake koya masa numfashi. Amma mai ciwo ba ya zaɓen magani. Kafin ya cika numfashi goma ya ji ɗaurin goshin ya sassauta, har ƙwalla ta zo masa don tausayin kansa.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka, duk zaren da ya ƙare, ba ya zura wani sai ya biya ƙirjinsa numfashi goma. Ciwon bai tafi rana ɗaya ba, aikin kuma ya rage sauri, amma rigar ta kammala, wasu da yawa suka biyo bayanta. Ban ce maka kowane ciwon kai haka yake ba, wani sai likita. Nasa dai shekara da shekaru yana tatsar ido da hannu, ya hana jikin abin da zai yi aikin da shi. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya.